Tafiretar Tsohon Akawu A Kafanchan: Tsakanin Sikelin 'Yan Gwangwan Da Teburin Mai Gyara

A gidajen tsofaffin ma'aikata da dama a Kafanchan, Kagoro, Zonkwa da Kwoi, akwai wani kaya da ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da aka zo kwashe ɗakin mai gida bayan rasuwarsa, ko ranar da iyali za su tashi daga gidan haya. Yakan fito daga ƙarƙashin gado ko daga saman kabad, a lulluɓe da tsohon zane, ga nauyi kamar dutsen niƙa. Idan aka yaye zanen sai a ga tafireta ce, wadda ta ciyar da gidan shekara da shekaru. Haruffanta sun cushe, kanta ya ƙi motsi, gizo-gizo ya yi saƙa a cikinta.

Daga nan sai a kira ɗan gidan da ke aiki a Abuja a tambaye shi yadda za a yi da ita. Sau da yawa ɗan gwangwan na nan tsaye a ƙofar gida da buhunsa da sikelinsa, shi kuwa ba ruwansa da tarihi, ƙarfe yake saye a kan kilo. Shawarar da za a yanke a cikin wannan gajeriyar waya ita ce za ta nuna ko na'urar za ta ƙare a tukunyar narka ƙarfe, ko za ta sake yin rubutu a hannun wani.

Abin da magada da yawa ba su sani ba shi ne, galibin tafiretocin da ake yi wa kallon matattu ba mutuwa suka yi ba. Datti ne, ko busasshen mai, ko igiya ɗaya da ta tsinke. Amma kafin a kai ga gyara da ciniki, akwai tambayoyin da ya kamata ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sanin nauyinsu.

Garin da jirgi da takarda suka raina

Layin dogon da Turawan mulkin mallaka suka fara shimfiɗawa daga Fatakwal ya isa Inugu a 1916, ya biyo ta Makurdi ya haɗu da Kaduna ta Kafanchan. A 1927 aka buɗe reshen da ya tashi daga Kafanchan zuwa Jos, a 1932 aka kammala gadar Makurdi a kan kogin Binuwai, sannan a 1964 dogon ya kai Maiduguri ta Kuru da Bauchi. Wannan ne ya mayar da Kafanchan mahaɗar jiragen ƙasa, ya kuma jawo mata ma'aikata daga kowace kusurwa ta Najeriya.

Jirgi kuwa ba ya tafiya sai da takarda. Takardar kaya, jadawalin direbobi, bocar albashi, rahoton haɗari, takardar tuhumar ma'aikacin da ya makara, duk sai an buga su, galibi da kwafi biyu ko uku ta hanyar saka kabon. Ban da reluwe, ga ofisoshin En'e da na Di'o, ga kotuna, ga asibitoci da makarantun mishan da suka bazu a kudancin Kaduna tun farkon ƙarni na 20. A makarantu, da tafireta ake yanka sitansil na tambayoyin jarrabawa. A bakin kotu da gidan waya kuma, masu buga takardu sun kafa teburinsu suna rubuta wa jama'a takardar rantsuwa, takardar koke da yarjejeniyar cinikin fili.

Na'urorin da suka yi wannan aiki ba baƙi ba ne ga duk wanda ya shiga ofis kafin zuwan kwamfuta. Akwai Imperial, ƙirar birnin Lesta na Ingila, wadda masana'antarta ta rufe a 1975. Akwai Olympia ta Jamus, musamman manyan nan na tebur samfurin SG1 da SG3. Akwai Olivetti ta Italiya, wadda ƙaramarta Lettera 32 ta fito a 1963. Akwai kuma Remington da Underwood na Amurka, sai Brother ta Japan da ta zo daga baya. Remington ta fitar da tafiretarta ta farko kasuwa a 1874, bisa ƙirar Christopher Latham Sholes.

Yau ba a ƙera irin waɗannan. Kamfanin Godrej na Indiya, ɗaya daga cikin na ƙarshe da ke yin manyan tafiretocin ofis marasa lantarki, ya daina a 2009. A watan Nuwamba na 2012 kuma aka ƙera tafireta ta ƙarshe a Birtaniya, aka miƙa ta ga gidan adana kayan kimiyya na Landan. Ke nan duk wadda aka farfasa a Kafanchan ta tafi har abada, tare da kayan gyaran da za su iya ceto wasu.

Tambayar farko: ta wane ne?

Kafin a ɗauki buroshi, sai a juya na'urar a duba jikinta. Idan aka ga an rubuta lambar sito da farin fenti, ko an manna ƙaramin allon ƙarfe mai ɗauke da sunan wata ma'aikata, ko harufan hukumar jiragen ƙasa, ko na ƙaramar hukuma, to magana ta canja. Daɗewar kayan gwamnati a ɗakin ma'aikaci ba ta mayar da shi nasa.

Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta tanadi babi na musamman kan yadda ake rabuwa da kadarorin gwamnatin tarayya, kuma ƙa'idojin kuɗi na aikin gwamnati sun ɗora wa kwamitin tantance kaya alhakin duba abin da ya daina amfani kafin a yi gwanjonsa. Ma'aikata da yawa sun mallaki tafiretocinsu ta wannan halastacciyar hanya, lokacin da ofisoshi ke komawa kwamfuta. Idan haka ne, rasidin gwanjon shi ne shaida, kuma yakan kasance a cikin fayil ɗin marigayin tare da takardun fansho. Idan ba a same shi ba, hanya mafi tsafta ita ce a rubuta wa ma'aikatar da sunanta ke jikin na'urar a nemi matsayinta. Mafi munin abin da mutum zai yi shi ne ya kankare lambar. Hadimin da hoton kayan gwamnati ya fito a shafinsa na talla, da lambar da aka goge rabi, ya jawo wa kansa da maigidansa abin faɗa a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Sai kuma abin da ke cikin akwatin. Akawuna sun saba ajiye tsofaffin takardun kabon da kwafin wasiƙu a ƙarƙashin na'urar. Kabon da aka yi amfani da shi sau ɗaya ko biyu ana iya karanta abin da aka buga da shi idan aka ɗaga shi a haske. Wataƙila wasiƙar sirri ce ta ofis, wataƙila kuma kwafin takardar ɗaukar aiki ce da iyali ke nema ido rufe domin bin haƙƙin marigayi. A kwashe su duka kafin na'urar ta bar gida. Waɗanda suka shafi tarihin gari ko na hukuma suna da wurin zuwa: Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ko Gidan Arewa.

Ciwon ƙarya

Ƙwararren mai gyara ba ya fara da kwance noti. Yakan fara ne da kawar da abubuwan da suke kama da lalacewa alhali ba ita ba ce, domin su ne suka fi yaudarar magada su karyar da farashi.

Na farko, makullin kai. Ƙananan tafiretocin da ake ɗauka a jaka suna da wani ɗan ƙarfe, galibi a gefen kai ko kusa da maɓallai, da ke ƙulle kan a tsakiya don kada ya riƙa zamewa a tafiya. Wanda bai sani ba zai yi ta ja da ƙarfi har ya karya abin da ke lafiya.

Na biyu, alamomin iyakar layi. Su ne ƙarafa biyu da ke bayan rola, masu nuna inda rubutu zai fara da inda zai tsaya. Yara sukan tura su su haɗe a tsakiya, sai kan ya rasa filin tafiya, maɓallai su ƙi dannuwa. Da an buɗa su hagu da dama, an gama.

Na uku, mazaɓin launi. Yawancin na'urori suna da matsayi uku: baƙi ko shuɗi, ja, da fari. Farin na yankan sitansil ne, kuma idan aka bar shi a nan ƙyallen tawada ba zai ɗaga ba, harafi zai bugi takarda ba tare da ya bar alama ba. Tafiretocin da suka fito daga makarantu an fi samun su a wannan hali.

Na huɗu, rashin lamba 1. Tsofaffin na'urori da yawa ba a yi musu maɓallin wannan lamba ba tun daga masana'anta. Ƙaramin harafin l ake bugawa a madadinta. Haka alamar motsin rai: a buga ɗigo, a koma baya, a ɗora waƙafin sama. Mai sayarwar da bai san wannan ba zai iya ba da haƙuri a kan aibin da babu shi.

Damina, hunturu da kuskuren mai

Yanayin kudancin Kaduna yana yi wa ƙarfe hari ta fuska biyu. Damina a gindin duwatsun Kagoro doguwa ce, mai yawan ruwa da laima, tana kawo tsatsa. Hunturu kuma yana kawo ƙura mai laushi da ke shiga kowane lungu. Idan ƙurar ta haɗu da tsohon mai sai ta zama kamar ƙaro, ta riƙe sandunan haruffa.

Sandunan nan suna zaune ne a cikin wani ƙarfe mai siffar rabin da'ira, mai tsage-tsage kamar matsefi, kowace sanda da tsagarta. A nan ne mafi yawan matsalar cushewa take, a nan ne kuma aka fi tafka kuskure. Mutum zai ga harafi ya tashi ya ƙi komawa, sai ya ɗauko man gyaɗa, ko baƙin mai, ko man feshin nan na gwangwani da ake kwance noti da shi. Ranar farko komai zai yi laushi. Bayan 'yan makonni man ya kama ƙura ya daskare, na'urar ta fi da tauri, mai saye kuma ya dawo da ƙorafi.

An ƙera wannan matsefi ne ya yi aiki a bushe. Abin da yake bukata wanki ne. A fara da busa ƙurar da famfon keke ko a share ta da busasshen buroshin fenti, a waje, ba a cikin ɗaki ba. Sannan a jiƙa ƙaramin buroshi da sifirit, a riƙa ɗiga shi a cikin tsagogin ana ɗaga kowace sanda da hannu ana mayarwa, ana goge baƙin ruwan da ke fitowa da tsumma. Aiki ne na haƙuri, wani lokaci sai an maimaita kwana biyu ko uku. Masu amfani da kananzir su sani yana barin maiƙo, don haka sai an bi bayansa da sifirit. Duka biyun suna kama wuta, ba a yin aikin kusa da murhu ko fitila.

Sifirit abokin gabar fenti ne da tambarin kamfani. Ɗigo ɗaya na iya cinye rubutun zinariya da ya shekara 60 a goshin na'ura, kuma wannan rubutu yana cikin abin da mai saye ke biya. A rufe jikin da tsumma lokacin wanki, a goge shi daban da ɗan ruwan sabulu kaɗan. Kada a sake fenti. Masu tara irin waɗannan kaya sun fi son tsohon fenti da tabonsa a kan sabon da aka shafa.

Fuskokin haruffa kuma ana tsabtace su da tsohon buroshin haƙori da tsinin allura, musamman cikin a, e da o, inda busasshiyar tawada ke taruwa har harafi ya fito kamar ɗigo. Mai ba ya shiga ko'ina sai titin da kai ke gudu a kansa da wasu 'yan mahaɗai, shi ma man keken ɗinki ne, ɗigo ɗaya a bakin tsinke.

Igiya, sifirin da haƙora

Idan an danna harafi ya bugi takarda amma kai bai matsa ba, kuma ana iya tura shi da hannu ba tare da wata turjiya ba, to igiyar ja ce ta tsinke ko ta zame. A ƙarƙashin kai, yawanci ta hagu idan ana fuskantar na'urar, akwai wani ɗan ganga mai sifirin a ciki kamar na agogon bango. Igiya ce ke haɗa gangan da ɗaya ƙarshen kai, ita ce ke jan sa zuwa hagu duk lokacin da aka buga harafi. Wannan ita ce lalacewar da ta fi tsorata mai kaya, ita ce kuma ta fi araha. Zaren kamun kifi mai kauri ko igiyar takalmi siririya mai ƙarfi suna iya maye gurbinta. A auna tsawon tsohuwar, a ɗaura sabuwar a jikin kai, a zura ta ƙarƙashi da taimakon siririyar waya, a murɗa gangan zagaye uku ko huɗu ta inda yake turjewa, sannan a maƙala. A riƙe gangan da kyau, domin idan ya kuɓuce yana iya yanka yatsa.

Idan kuwa kai yana tsallake gurbi, ko haruffa suna hawa kan juna, matsalar tana wurin ƙafar nan mai haƙora da ke sakin kai taki ɗaya-ɗaya. Ana ganin ta idan aka kifa na'urar a kan matashi. Sau da yawa wanki da sifirit ya isa. Amma idan haƙori ya karye, wannan ya wuce aikin gida, sai an samo wata matacciyar na'ura irinta an ciro. A nan ne amfanin ƙin sayar wa ɗan gwangwan ke fitowa: ko tafiretar da ba za ta tashi ba tana da daraja a matsayin kayan gyara.

Masu gyaran tafireta na asali sun yi ƙaranci, da yawa sun tsufa, wasu sun koma gyaran injin hoto da firinta. Inda ba a same su ba, mai gyaran keken ɗinki ko mai gyaran agogo ya fi makanikin mota ko mai walda dacewa, domin hannunsa ya saba da ƙananan sukurori da sifirin. Sharaɗi ɗaya za a gindaya masa: a ɗauki hoto da waya kafin a kwance kowane abu, kuma kada a cire kai gaba ɗaya sai dole, saboda ƙananan ƙwallayen ƙarfen da yake gudu a kansu suna zubewa su ɓace.

Robar da ta zama dutse

Ƙarfe yana jure shekaru, roba ba ta jurewa. Rolar da takarda ke naɗuwa a kanta an lulluɓe ta da roba mai ɗan taushi. Idan ta tsufa sai ta taurare, ƙarar bugu ta yi yawa, ɗigo ya riƙa huda takarda, fuskokin haruffa su riƙa cin wuya. Gwajin mai sauƙi ne: a danna farce a jikinta. Idan bai shiga ko kaɗan ba, ta bushe.

Maganin wucin gadi shi ne a riƙa saka takarda biyu, ta baya ta zama matashi. Goge rolar da sifirit da bin ta da samfefa mai laushi yana rage santsi, ya sa ta kama takarda. Wasu masu gyara sukan fere tsohuwar robar su saka tif na keke a madadinta, amma idan kaurin bai zo daidai da na asali ba, sama ko ƙasan haruffa zai riƙa fita a dushe. Wanda ya yi wannan dabara ya wajaba ya faɗa wa mai saye.

A ƙarƙashin babbar rolar akwai ƙanana da ke tura takarda. Idan na'ura ta shekara 20 a ajiye suna matse, sai gefe ɗaya ya baje, takarda ta riƙa shiga a karkace. Shi ya sa ake so duk mai ajiye tafireta ya saki hannun sakin takarda kafin ya rufe ta. Ƙananan Olympia na shekarun 1950, samfurin SM3 da SM4, suna da wani sanannen ciwo: wasu zobban roba da ke tsakanin jiki da firam suna lotsewa, sai kai ya riƙa gogar jiki. Sababbin zobba daga shagon kayan famfo suna warkar da shi.

Ƙyallen tawada

Faɗin ƙyallen yawancin tafiretoci rabin inci ne, wato kusan milimita 13. Har yanzu ana yin sa, kuma ana iya samunsa a wurin masu sayar da kayan ofis a manyan birane ko ta intanet. Babban gargaɗi a nan shi ne kada a zubar da tsofaffin ƙafafun ƙarfen da ƙyallen ke naɗe a kansu. Sababbin na roba ba kowace na'ura suke shiga ba, kuma na Olivetti ma sai da wasu ƙananan notuna ake ɗaure su, waɗanda idan suka ɓace ƙyallen ba zai juya ba. Sai a warware sabon ƙyalle a naɗa shi a kan tsofaffin ƙafafun. Idan mai launi biyu ne, baƙi a sama, ja a ƙasa.

Wasu na'urori suna juya tafiyar ƙyallen da kansu idan ya zo ƙarshe ta hanyar wani ɗan zoben ƙarfe da ke kusa da bakinsa. Idan sabon ba shi da zoben, ƙulli ɗaya a wurin yakan wadatar. Kafin a cire tsohon, a ɗauki hoton yadda aka zura shi ta cikin ƙarfen da ke ɗaga shi.

Abin da haruffa ke faɗa

Bayan gyara sai gwaji. A buga kowane harafi, babba da ƙarami, a jere. A buga babban H da ƙaraminsa sau da yawa a ga ko gindinsu ya zauna a layi ɗaya. Idan bai zauna ba, akwai sukurorin da ke daidaita hawa da saukar haruffa. A ƙirga haruffan da ke cikin inci ɗaya: 10 ko 12 ne aka fi samu, kuma mai saye yakan tambaya. A tabbatar ƙararrawa na kaɗawa kafin ƙarshen layi.

A nan ne kuma za a gane ko na'urar tana da wani abin da ya bambanta ta. Najeriya ta koma Naira ranar 1 ga Janairun 1973, amma tafiretoci masu alamar fam sun ci gaba da aiki, akawuna suna buga N su koma baya su ɗora mata layi biyu, ko su sa ta a tsakanin alamomin daidai guda biyu, al'adar da har yau ake ganin ragowarta a wasu takardun ofis. Na'urar da ke da maɓallin Naira nata na kanta an yi ta ne musamman domin kasuwar ƙasar nan.

Wadda ta fi wannan wuyar samu ita ce mai haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ da ƙ. An shigar da su rubutun boko a shekarun 1930, kafin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, amma yawancin na'urorin ofis ba su da su, sai mai bugu ya sa waƙafin sama ko ya bi da biro ya lanƙwasa. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta tsara jerin haruffa 33 domin rubuta harsunan Najeriya, bisa shawarar masaniyar harshe Kay Williamson, aka kuma ƙera tafireta mai ɗauke da su. A yankin da ake rubuta Tyap da Jju, inda ake ja wa wasu wasula layi a ƙasa, kuma coci-coci da masu fassara suka daɗe suna buga littattafai da Hausa, ba abin mamaki ba ne a ci karo da na'urar da aka sauya wa wasu haruffa. Irin wannan, kafin a kai ta kasuwa, ya dace a fara tuntuɓar sashen harsuna na wata jami'a ko gidan tarihi.

Ciniki da faɗin gaskiya

A watan Disamba na 2009 aka yi gwanjon Olivetti Lettera 32 ta marubucin Amurka Cormac McCarthy a birnin New York a kan dala 254,500. Ya saye ta ne dala 50 a 1963. Labarin yakan ruɗi masu sayarwa, alhali sunan mai ita aka saya. Abokinsa ya samo masa wata irinta da 'yan daloli kaɗan. An ƙera waɗannan na'urori da yawan gaske, saboda haka tsufa kaɗai ba ya sa su tsada. Abin da ke ɗaga farashi shi ne lafiyar aiki, cikar kaya har da jaka da murfi, kyan fenti na asali, haruffan da ba a saba gani ba, da tarihin da ke da shaida a rubuce.

Lambar ƙira tana nan a buge a jikin firam, sau da yawa a ƙarƙashin kai idan aka tura shi gefe. Da ita ake gano shekarar da aka yi na'urar a rumbunan bayanan da masu sha'awar tafireta suka tara a intanet. Wannan ya fi a ce wai tun zamanin Turawa take, maganar da ba ta da wuyar ƙaryatawa.

Masu saye iri-iri ne: masu shirya finafinan da suka shafi shekarun baya, masu ƙawata otal da ofis, marubuta, masu tara kayan tarihi, da kuma waɗanda har yanzu ke cike fom da takardun rantsuwa a wuraren da wutar lantarki ba ta da tabbas. Akwai ma hukumomin da ke ganin takarda ta fi kwamfuta riƙe sirri. A 2013 hukumar da ke tsaron fadar Kremlin a Rasha ta nemi sayen tafiretoci bayan fallasar Edward Snowden.

Akwai kuma mai sayen da ya kamata a yi hattara da shi, wato wanda bai damu da kyan na'ura ba, tambayarsa kawai ko rubutunta zai yi kama da na wata shekara, ko akwai tsofaffin takardu marasa rubutu masu kan ofis. Takardun fili da na shaidar aiki na jabu da tsohuwar na'ura ake ba su kamannin tsufa. Masu binciken takardu kuwa suna iya danganta rubutu da na'urar da ta buga shi, domin kowace tana da karkatar harafi da karyewar gefe irin nata. Saboda haka mai sayarwa ya rubuta rasidi mai ɗauke da lambar ƙira da ranar ciniki, ya ajiye kwafi, tare da shafi ɗaya na gwajin haruffa.

Shi wannan shafin gwaji shi ne tallan da ya fi kowanne. A ɗauki hotonsa tare da na'urar ta kowace fuska, a haɗa da ɗan bidiyon da ke nuna kai yana tafiya daga farko har ƙararrawa. A lissafa abin da aka gyara da abin da ya rage: an sauya igiya, rola ta taurare, harafi kaza yana ɗan karkata. Ɓoye aibin kaya abu ne da masallaci da coci a Kafanchan suka haɗu a kan haramcinsa, kuma a kasuwar intanet ƙorafin mutum ɗaya ya isa ya kori sauran masu saye.

Daga tasha zuwa Abuja

Tafiretoci da yawa sun tsira daga tsatsar shekara 40, suka zo suka karye a tafiyar yini ɗaya. Babbar ta tebur takan haura kilo 14, ƙaramar Lettera kuwa kusan kilo 6 ce. Ba a ɗaga kowacce ta kai ko ta hannun mayar da layi, ta ƙasa ake tallabo ta. Kafin a sa ta a mota, a kawo kai tsakiya a ƙulle shi. Idan babu makulli, a ɗaure maɓallin sakin kai a danne domin haƙoran nan su huta daga girgiza, sannan a ɗaure kan da kansa da tsumma ko igiyar roba yadda ba zai motsa ba. A cusa takarda mai laushi a kan sandunan haruffa, a nannaɗe na'urar da bargo, a sa ta a kwali mai kauri, a cike kowane gurbi.

A tashar mota ta Kafanchan, idan za a bi da ita ta Kwoi zuwa Abuja, gara a biya mata kuɗin kujera da a bari a cusa ta a but a ƙarƙashin buhunan citta da doya. A rubuta a jikin kwalin inda sama yake, a karɓi lambar direba, a kuma sanar da mai karɓa cewa kafin ya danna harafi ko ɗaya, ya fara kwance igiyar da ke riƙe da kai.